An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Motar da Ta Ƙi Tashi a Garwa

A Garwa, idan mota ta wayi gari ta ƙi tashi, hukuncin farko da ake yanke mata ɗaya ne: mai ne. Tun kafin a ɗaga bonet, tun kafin wani ya kasa kunne ya ji irin kukan da injin yake yi, an riga an kama mai laifi, wato zuwa-zuwa, fetur ɗin nan da ake tsallakowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin titi. Sai a tsiyaye tanki, a wanke kafireto ko nozul, a sake matatar mai. Idan motar ta kafe, a koma kan fulogi. Daga fulogi a ce kwayil ne, daga kwayil a ce batir ya tsufa. Can wajen la'asar, bayan aljihun mai mota ya yi sakayau, sai a tarar ashe wata 'yar waya ce ta saki, ko fis ɗaya ne ya ƙone.

Wannan lalube cikin duhu, wanda ake kira gyara alhali canki-canki ne, sau da yawa ya fi lalacewar kanta cin dukiyar mai mota. Injin da ya ƙi tashi yakan faɗi ciwonsa ga wanda ya san yadda ake tambayarsa. Tambayoyin ba su da yawa, ba su da tsada, illa dai suna da jerin da ba a tsallakewa. Abin da ya hana a bi jerin wata al'ada ce da ta haɗa bakanike da mai mota: an saba biyan kuɗin ƙarfen da aka sauya, ba a saba biyan ladan tunanin da ya gano ciwo ba.

Zargin da ake yi wa mai yana da tushe, domin ruwa ba ya tsami banza. Garwa tana nesa da teku. Man da ake sayarwa a gidajen mai sai ya taso daga kudu, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, sannan tankoki su gangaro da shi arewa. Yola kuwa ga ta nan kusa, a bakin kogin Binuwai ɗin da ya bi ta Garwa, kuma shekara da shekaru tallafin gwamnati ya sa man Najeriya ya fi araha nesa ba kusa ba. Da haka zuwa-zuwa ya zama abincin babura da ƙananan motocin arewacin Kamaru, daga Garwa har Marwa. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin, farashin zuwa-zuwa ya yi tashin gwauron zabi. A gidajen man Kamaru ma litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta kai 840 a Fabrairun 2024. Man da ya bi ta hannuwa da jarkoki barkatai kafin ya isa tanki yana iya kwaso ruwa da ƙasa, wani lokaci ma a gauraya shi da kananzir da gangan. To amma tsadar nan ita kanta hujja ce a kan masu saurin tsiyaye tanki, tunda abin da ake zubarwa bisa zato ya zama dukiya. Gwajin kuwa na minti kaɗan ne. A ɗebi kaɗan a farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, idan akwai shi zai kwanta a gindi kowa ya gani.

Tun daga injin da Nikolaus Otto ya ƙera a Jamus a 1876, bukatun injin fetur ba su sauya ba. Yana son haɗin mai da iska, wajen kashi ɗaya na mai ga kashi 14.7 na iska bisa nauyi. Yana son fiston ya matse haɗin, sannan tartsatsi ya faɗa masa daidai lokacin da matsin ya kusa kaiwa ƙarshe. Idan ɗaya ya ɓace babu tashi. Aikin mai bincike shi ne ya gano wanne ne ya ɓace kafin ya kwance ko da noti ɗaya, kuma kunne ne kayan aikinsa na farko.

Idan aka murɗa makulli aka ji shiru, ko aka ji ƙas-ƙas, ko injin ya juya da ƙyar kamar mai nishi, maganar ba ta kai ga fulogi ba tukuna. Wannan sha'anin batir ne, ko kawunansa da suka yi farin gishiri, ko wayar da ta haɗa shi da jikin mota, ko sitata. Lafiyayyen batir da ya ƙoshi yakan nuna wajen bolt 12.6 a mita idan mota tana kashe, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 9.6 ba lokacin da sitata ke jan inji. Wanda ba shi da mita yana da fitilun gaba. A kunna su a murɗa makulli: idan suka dushe kamar za su mutu, batir ne ko mahaɗinsa, idan suka tsaya da haskensu sitata kuwa ba ta motsa ba, sai a duba sitatar da hanyar da umarni ke bi ya isa gare ta. Zafin Garwa, inda ranakun Maris da Afrilu kan wuce digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir yana cin farantansa, shi ya sa batir ba ya yin tsawon ran da yake yi a ƙasashen sanyi.

Idan kuwa injin yana juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba, a nan ne ake shiga ainihin batun, kuma a nan harshe ma yana da hannu cikin ruɗanin. Kalmar wuta a bakin 'yan gareji tana ɗauke da kaya da yawa. Ta batir wuta ce, ta fitila wuta ce, wadda ke tsalle a bakin fulogi ita ma wuta ce. Direba ya ce akwai wuta domin ya ga dashbod ya haska, bakanike ya ɗauka an ce masa fulogi yana bayarwa, sai a rufe babin ba a buɗe shi ba. Alhali tsakanin biyun akwai nisa mai yawa: ta batir bolt 12 ce, wadda ke tsallake 'yar tazarar bakin fulogi kuwa da dubbai ake ƙirga ta, kuma kwayil yana iya bayar da fiye da bolt 20,000. Hausa tana da kalmar da ta raba gardama, wato tartsatsi, kuma ita ta cancanci a riƙa faɗa duk lokacin da fulogi ake nufi.

Garwa ta ƙara wa lamarin nata gishirin. A garejinta ana jin Fillanci da Faransanci da Hausa a kan inji ɗaya. Abin da Bakano zai kira fulogi, a nan buji ne. Kwayil ya zama bobin, sitata ta zama demarer. Kalmar buji tana da tarko, domin a Faransanci da ita ake kiran 'yan sandunan da ke ɗumama silinda a injin gas kafin a tayar da shi. Injin gas kuwa ba ya aiki da tartsatsi ko kaɗan, matse iska yake yi har ta yi zafin da man zai kama da kansa. Saboda haka manyan motocin da ke ɗibar audugar SODECOTON, da manyan bas-bas na hanyar Ngaundere, ba sa cikin wannan magana. Neman tartsatsi a jikinsu kamar neman jini ne a jikin fara.

Gwajin tartsatsi ba shi da wuya. A zare wayar fulogi ɗaya, a sa mata fulogin da aka tabbatar da lafiyarsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, wani ya murɗa makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙarar ɗas-ɗas alamar lafiya ce. Mai ja-ja da rauni abin zargi ne, domin wanda ya tsallake tazara da ƙyar a sarari ba lalle ya iya tsallake ta a cikin silinda ba, inda iska take a matse. Ba a riƙe wayar da hannu tsirara, ba a yin gwajin kusa da fetur da ya zube ko ramin fulogin da ke buɗe, kuma a motocin zamani ba a juya inji wayar tana lilo ba ta taɓa komai ba, don wutar da ta rasa mafita tana iya komawa ta lalata kwayil.

Fulogin da aka kwance daga inji shi ma mai ba da shaida ne. Idan ya fito jiƙe da fetur, man yana isowa, ƙona shi ne ba a yi ba. Idan ya fito a bushe ƙayau bayan an daɗe ana juya inji, man ne bai iso ba. Baƙin toka yana nuna mai ya yi wa iska yawa, maiƙo kuwa yana nuna baƙin mai yana hawowa, galibi ta zobban fiston da suka ci. Akwai kuma wani lissafi mai sauƙi da ake yawan tsallakewa a gareji. Inji mai silinda huɗu yana tashi da fulogi uku, sai dai ya yi ta karkarwa. Ke nan motar da babu tartsatsi a ko ɗaya daga cikin wayoyinta ba fulogi take bukata ba, domin fulogi huɗu ba sa haɗa baki su mutu a dare ɗaya. Abin da huɗun suka yi tarayya a kansa shi ya kamata a nema.

A tsofaffin motoci wannan abin tarayya shi ne kwayil da na'urar da ke rarraba tartsatsi, wadda a Garwa ake kira delko. Sunan yana da tarihi. Delco kamfani ne da Charles Kettering da Edward Deeds suka kafa a garin Dayton na Amurka a 1909, kuma tsarin kunna inji da batir da kwayil wanda Kettering ya ƙirƙiro ya shiga motocin Cadillac a 1910. Faransawa suka ɗauki sunan kamfanin suka mayar da shi sunan na'urar, daga bakinsu ya iso gaɓar Binuwai. Tsarin kansa mai sauƙin fahimta ne. A cikin kwayil akwai naɗin waya biyu, ɗaya mai kauri da zagaye kaɗan, ɗaya siririya mai zagaye dubbai. Wutar batir tana bi ta mai kaurin, sai kwantak da ke cikin delko ya buɗe ya yanke ta farat ɗaya. Wannan yankewar ce ke haifar da babbar wuta a siririyar waya, sannan rota ta juya tana raba ta ga fulogi bi da bi, a yawancin injuna masu silinda huɗu bisa jerin 1-3-4-2. Irin tsarin ke cikin tsofaffin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975.

Kwan fitila guda da aka ɗaura wa waya biyu ya isa ya binciki wannan tsari daga kai har gindi. A kunna makulli a taɓa ƙafar kwayil da wuta ke shigowa ta cikinta. Idan kwan bai kama ba, kwayil ba shi da laifi, sai a koma baya a duba fis, da makunni, da wayar da ke tsakani. Idan ya kama, a koma ɗaya ƙafar a juya inji, kwan ya kamata ya riƙa ƙyaftawa. Rashin ƙyaftawa yana nuna kwantak ba ya buɗewa da rufewa yadda ya kamata, ko bakinsa ya ƙone, ko tazararsa ta kauce daga wajen milimita 0.4 da aka saba. Idan yana ƙyaftawa amma babu tartsatsi a babbar wayar tsakiya, to yanzu ne aka sami hujjar zargin kwayil. Idan akwai shi a wayar tsakiya amma bai isa fulogi ba, ɓarawon yana cikin murfin delko, ko rota, ko wayoyin. Kuma tunda an buɗe murfin, a juya inji a ga ko rotar tana juyawa. In ta tsaya cik, injin kuma yana gudu sakayau fiye da yadda ya saba, to belin taimin ne ya tsinke, kuma ci gaba da murɗa makulli yana iya lanƙwasa bawul a wasu injuna.

Yanayin ƙasar yana da nasa rabo. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan murfin delko da wayoyin fulogi tun daga Nuwamba. Idan damina ta sauka, ko aka yi wa inji wanka da ruwa, ƙurar nan da laima sukan haɗu su buɗe wa wuta gajeruwar hanya zuwa jikin inji, ita kuwa wuta ba ta bin doguwar hanya in ta sami gajeruwa. Tsaga mai sirantar gashi a murfi ta isa. Wanda ya ɗaga bonet cikin duhu ana juya inji yakan ga shuɗin haske yana yawo a kan tsofaffin wayoyi.

Aikin zafi ya fi wannan wayo. Akwai kwayil, akwai kuma na'urorin lantarki, waɗanda ke aiki lafiya da sanyi, su ɗauke idan sun yi zafi, su dawo idan sun huce. Mota ta baro Garwa lafiya ta isa kasuwar Pitowa, aka kashe ta, ta ƙi tashi. Jama'a suka taru, wannan ya hura matatar mai, wancan ya ƙwanƙwasa kan batir da dutse. Bayan sa'a guda ta tashi, kuma duk abin da aka taɓa na ƙarshe shi ke karɓar yabo. Ba abin da aka gyara, hucewa kawai ta yi. Irin wannan mota ta fi wadda ta mutu murus haɗari, domin mai ita yana tafiya da tabbacin da ba shi da tushe. Hanyar Ngaundere ta haura kilomita 250, tana bi ta gefen gandun dajin Binuwai, sannan ta hau dutse bayan garin Mbe, kuma doguwar tafiya da hawa su ne ainihin abin da ke ƙure zafin inji. Ciwon da ba a gano a gareji ba a can yake jira, wataƙila da dare, wataƙila da mara lafiya a kujerar baya.

Motocin da ake shigowa da su na hannu daga Turai ta tashar Duwala sun sauya kayan aiki amma ba su sauya jerin tambayoyi ba. Babu kwantak, a da yawa ma babu delko. Wata 'yar na'ura ce ke lura da juyawar karanshaf tana gaya wa kwamfutar mota, ita kuma ta ba kwayil umarni, sau da yawa kowane fulogi da nasa kwayil a kansa. Idan na'urar nan ta mutu, kwamfutar ba ta san inji yana juyawa ba, sai ta hana tartsatsi ta hana mai gaba ɗaya. Wanda ya tsaya a ganin busasshen fulogi zai tafi ya sayo famfon mai, alhali famfon lafiyarsa ƙalau. Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996, da na fetur da aka sayar a Tarayyar Turai tun 2001, suna da wata kafa mai baki 16 kusa da sitiyari inda ake jona na'urar karanta laifi. Lamba P0335 tana nuni ga layin na'urar karanshaf, P0300 kuwa tana nufin silinda suna fashin ƙonawa ba tsari. Amma lambar layi take nunawa, ba ta ce lalle na'urar ce ta mutu ba. Wayar da ɓera ya ci ko soket da ya yi tsatsa za su ba da lamba iri ɗaya. Wanda ya karanta lamba ya ruga kanti bai bar canki-canki ba, kwamfuta kawai ya ƙara masa. Sannan wasu dabarun da tsohuwar 504 take yafewa, kamar cire kan batir inji yana aiki don a gwada caji, ko karta waya a jikin ƙarfe don a ga ko za ta yi tartsatsi, ko naɗa waya a gurbin fis da ya ƙone, a motar zamani gyaran gangar auzinawa ne, domin suna iya ƙona kwamfutar da ta fi duk kayan da ake zargi tsada.

Bakanike yana da abin cewa, kuma ya kamata a saurare shi. Zai ce sauya kaya ma gwaji ne, kuma wanda ya shekara ashirin a kan Toyota ya san inda ta saba ciwo. Gaskiya ne, matuƙar kayan gwajin nasa ne, an tabbatar da lafiyarsa, kuma za a cire shi idan bai yi magani ba. Abin da ba gwaji ba ne shi ne a tura mai mota ya sayo sabo da kuɗinsa, a kasuwar da ba kasafai ake karɓar kayan lantarki ba idan an riga an ɗaura, kuma jabu yana kwance a kwali ɗaya da na ƙwarai. Kwayil na jabu da aka ɗaura a gurbin lafiyayye ya mayar da ciwo ɗaya biyu.

Mai mota kuwa shi ne rabin matsalar. Yakan zo a gaggauce yana cewa, "Oga, a sa sabo kawai, tafiya gare ni." Idan gwani ya ɗauki minti goma ya gano wayar da ta saki ya ɗaure ta, sai a miƙa masa kuɗin goro, wai ai ba wani aiki ya yi ba. Idan wani ya wuni yana kwance-kwance ya sauya kaya uku, a biya shi da godiya, domin an ga gumi an ga kwalaye. Da wannan ciniki ake hukunta ƙwarewa, kuma yaron gareji da ke kallo yana koyon darasin tun kafin ya iya riƙe sifana. Abin da ya dace shi ne a yanka ladan bincike tun farko, daban da kuɗin kaya, a biya shi ko da fis ne aka tarar. A madadin haka mai mota yana da haƙƙin a nuna masa laifin da idonsa kafin ya sayi komai, a kuma mayar masa da tsohon kayan da aka cire. Mita da kwan gwaji a haɗe ba su kai kuɗin kwayil na ƙwarai guda ɗaya ba, saboda haka rashinsu a gareji ba talauci ba ne.

Akwai tambaya ɗaya da ta riga duk waɗannan a motocin da aka ƙera wa Turai tun ƙarshen shekarun 1990, wato da wane makulli aka murɗa. A kan makullin asali akwai wata 'yar ƙwayar lantarki da motar take ganewa, kariya ce daga ɓarayi. Makullin da aka yanko a kasuwa yana buɗe ƙofa, yana juya makunni, sitata ta ja inji da ƙarfinta, amma kwamfuta ba za ta saki mai ko tartsatsi ba, a wasu motocin ma injin ya kama na daƙiƙa biyu ya mutu. Alamar tana nan a dashbod, wata 'yar fitila mai hoton makulli ko mota tana ƙyaftawa. Haka yake faruwa idan kan makullin asali ya fashe ƙwayar ta faɗi, aka ɗaure shi da salatif aka ci gaba da amfani.